Neman Takardun Tayar da Gwaggo

Laraba, fita daga Gyaɗi-Gyaɗi

Ƙarfe shida saura kwata, bayan na dawo daga sallar asuba, na ja ƙofar gidana na kulle. Ban yi sallama da kowa ba, don babu kowa a gidan. Tun da uwar 'ya'yana ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ni kaɗai nake kwana nake tashi, sai Gwaggo da ke gareji. Ita ma sai da na leƙa ta, na gyara mata tsohon zanen gadon da nake lulluɓe ta da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wata tsohuwa na kulle a gareji. Gwaggo kwamfuta ce irin ta da, tsayinta ya kai babban firji, faɗinta ya kai biyu. A masaƙar da na yi aiki shekara ashirin da uku muka raɗa mata sunan, saboda ba ta son zafi, ba ta son ƙura, kuma ba ta tashi sai da lallashi. A gabanta akwai makunnai goma sha shida a jere. Kowace safiya sai an shigar mata da wasu lambobi da hannu, a ɗaga wannan makunni a sauke wancan, layi bayan layi har talatin da biyu, sannan ta farka ta karanta babban faifan da ke cikinta. Da can ido rufe nake yin su. Yanzu goma sha ɗaya na farko kawai suka rage a kaina.

Abin da ya fito da ni shi ne ɗana Nura, wanda ke aiki a Abuja, ya yanke shawarar mayar da garejin shago, magina za su zo ranar Asabar. Wani malamin jami'a ya zo ya ga Gwaggo, ya zagaya ta sau uku, ya ce, "Baba, in ta tashi za mu ɗauke ta mu ajiye, ɗalibai su riƙa gani. In ba ta tashi ba, gaskiya ƙarfe ce, babu mai ba ni ɗaki saboda ita." Ya nemo wasu lambobi a intanet muka gwada, ko tari ba ta yi ba, domin tun muna masaƙa wani injiniya ya canza mata kayan ciki. Lambobin da ke tayar da ita mutum ɗaya ne ya rubuta su da hannunsa, wato Habu, abokin aikina da ya koma Zariya. 'Yan gwangwan kuwa sun riga sun zo min sau biyu, na biyun har da sikelinsu.

A bakin titi na tare adaidaita-sahu. Minti goma sha biyu muka yi zuwa tashar Unguwa Uku. Kayana jakar bakko ce babu komai a ciki, don a ita zan zubo takardu. A tashar na sayi gurasa guda goma, domin Habu ya sha cewa duk Zariya babu mai iya yin ta.

Hanyar Zariya

Mota ta cika ƙarfe bakwai da minti goma. Kuɗin motar ya ninka wanda na sani har sai da na tambayi direban ko Kaduna ya ji na ce.

"Baba, yaushe rabonka da hanyar nan?"

"An jima."

"Ai ga alama," in ji shi, ya tayar da mota.

Muka wuce Na'ibawa, muka wuce Kura, shinkafa kore shar hagu da dama. Mu shida ne a motar, biyar suna kallon waya, ni ina kallon taga. A Kwanar Ɗangora muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo, ya ga bakko a naɗe a cinyata, ya ce me zan ɗauko. Na ce takardu. Ya ce na fili ko na gida? Na ce na kwamfuta. Ya yi dariya ya ce ai yanzu komai a waya yake, ya buga bayan motar muka wuce.

Tunda hanya ta miƙe, bari in faɗi gaskiyar abin da ke tsakanina da Habu. A masaƙa doka ce mutum biyu ke shiga ɗakin Gwaggo, ba a barin mutum ɗaya. Ni da shi muka yi shekara goma sha tara a haka, cikin sanyin da ke sa mu saka rigar sanyi ana tsakiyar bazara. Ni mai gaggawa ne da saurin fushi, shi kuwa ko takardar lissafin zare zai rubuta sai ya fara sa Bismillah da Larabci a samanta. Kullum ina tsokanarsa, ina cewa, "Habu, injin nan fa ba ta jin Larabci." Sai ya ce, "Ai ba don ita nake yi ba."

Da masaƙa ta rufe, ni na sayi Gwaggo a hannun 'yan gwangwan, shi kuma ya kwashe littattafanta kwali huɗu ya tafi da su garinsu. Na ce ya aiko min da su. Ya ce in zo gidansa in sha shayi in karɓa. Na ce na girme shi da shekara biyu, shi ya kamata ya zo. Da wasa aka fara. Shekara na bin shekara, wasan ya yi tsami, har wata rana a waya na ce ya riƙe takardunsa ya jiƙa ya sha. Rabona da jin muryarsa ke nan, shekara goma sha ɗaya. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

A Tashar Yari direba ya tsaya minti goma, fasinjoji suka sayi rake. Ni ina zaune ina shirya maganar da zan fara da ita. Na tsayar da cewa zan miƙa masa gurasar in ce, to ga ni, kawo shayin.

Tudun Wadar Zariya

Mun sauka a Kwangila ƙarfe goma saura minti biyar, tafiyar kusan kilomita ɗari da sittin. Ɗan acaɓa ya kai ni Tudun Wada. Sau ɗaya na taɓa zuwa gidan, lokacin sunan 'yarsa, amma na gane shi da bishiyar darbejiyar da ke ƙofa. Na yi sallama, wani dattijo ya fito, kamarsu ɗaya da Habu sai dai ya fi shi tsayi.

"Habu nake nema. Ka ce masa Lawan ne na masaƙa, ya zo da ƙafarsa."

Mutumin ya daɗe yana kallona. "Kai ne Malam Lawan? Shigo zaure ka zauna tukuna."

Tun daga wannan tukunan na gane. Sunansa Malam Isiyaku, ƙanin Habu ne. Ya shimfiɗa min tabarma, ya kawo ruwa, sannan ya ce Yaya Habu ya rasu bara da damina, jinyar kwana tara. Sun nemi lambata a wayarsa, suka kira, aka ce layin ba ya aiki. Gaskiya ne, na canza layi ban gaya masa ba.

Na yi ta'aziyya da bakin da ban san nawa ba ne. Ledar gurasa tana gefena, na rasa yadda zan yi da ita, na tura masa na ce a ba iyali.

"Kullum da rani sai ya fito da kwalayen nan ya shanya su a tsakar gida saboda gara," in ji Malam Isiyaku. "In matarsa ta yi mita sai ya ce, ki bar su, Lawan zai zo."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

Bayan la'asar ya raka ni maƙabarta. Ruwan damina biyu ya daidaita ƙasar. Ya tsaya yana dube-dube, ya ce, "Tsakanin wannan da wancan ne, Allah Ya sani." Na yi wa duka biyun addu'a. A hanyar dawowa ne na iya tambayar takardun, ina jin nauyin tambayar. Ya ce Habu ya bar wasiyya a ba ni, don haka matarsa Hajiya Rabi ta tafi da su da ta gama takaba.

"Ina ta koma?"

"Kano mana, gidan yayanta. A Tarauni."

Daga ƙofar gidana zuwa Tarauni, ko da wannan gwiwar tawa, tafiyar minti ashirin da biyar ce.

A ɗakin baƙi na gidan na kwana. Aka kawo min tuwon masara da miyar kuka, da gurasata guda biyu an yayyafa mata ƙuli. Tuwon na ci.

Alhamis, Tarauni

Na bar Kwangila ƙarfe bakwai da rabi, bakko a naɗe yadda na zo da ita. Shinge biyu muka wuce, babu wanda ya tambaye ni komai. Taya ta yi faci kusa da Ciromawa, muka ɓata minti arba'in a gindin wata bishiya. Sha ɗaya da kwata na sauka a Unguwa Uku. Ban biya gida ba, na hau adaidaita-sahu zuwa bayan kasuwar Tarauni, inda Malam Isiyaku ya kwatanta min.

Hajiya Rabi ta fito zaure cikin hijabi, ta zauna daga can gefe. Ta tsufa, ni ma na san haka ta gani a fuskata.

"Hajiya, ya haƙuri? Wallahi sai jiya na ji. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

"Amin, Malam Lawan. Ashe za ka zo."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce da ta dawo Kano ta sa an nemi gidana. Wanda ta aika ya je Gyaɗi-Gyaɗi yana tambayar Lawan mai kwamfuta, aka kai shi wurin wani matashi mai gyaran waya, ya dawo ya ce bai same ni ba. Ɗakin da aka ba ta ƙarami ne, kwali huɗu sun cinye rabinsa, ga rufin yana yoyo.

"Na riƙe su wata bakwai, Allah Ya gani. Da na ga sun fara jiƙa, ɓeraye sun samu gida, sai na ba Tabawa. Ni dai na ga Turanci ne da zane-zane."

"Wace ce Tabawa?"

"Wata ƙawata ce a Daurawa. Ƙosai take soyawa."

Na tambayi yaushe. Ta ce wata uku ke nan. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a Kano ya san abin da mai ƙosai ke yi da takarda, ya kuma san wata uku ba kwana uku ba ne. Hajiya Rabi ta fara ba ni haƙuri, na ce ta daina, ba ita ce ta yi shekara goma sha ɗaya tana jan aji ba.

Tabawa ba ta fitowa sai bayan la'asar. Na yi azahar a wani masallaci kusa da kasuwa, na zauna a barandarsa awa uku. Gidana na nan kusa, amma na kasa komawa in haɗa ido da Gwaggo. Mutane suna ta wucewa bibbiyu, uku-uku, suna hira. Na lissafa waɗanda muka yi aiki da su a sashenmu, mu bakwai, na ga ni kaɗai na rage.

Daurawa

Ƙarfe huɗu da rabi na isa. Tafiyar minti bakwai ce a adaidaita-sahu. Na same ta a ƙofar gidanta, dattijuwa mai jiki, ta ɗora kasko tana sakin ƙullu. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ce a ba ni ƙosai. Ta kai hannu cikin wani kwali a gefenta, ta yago takarda, ta zuba, ta barbaɗa yaji, ta miƙo min.

Zanen fuskar Gwaggo ne a takardar. Makunnan nan goma sha shida a jere, mai yana ratsa su ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, takardun nan na zo nema. Na abokina ne, mijin Hajiya Rabi."

"Ayya, Malam! Ai ka makara. Takarda ce mai kyau, ba ta yagewa, masu saye har yabawa suke. Ragowar ke nan, duba ka gani."

Na durƙusa na duba. Rabin littafi ɗaya ne ya rage, na jerin sunayen kayan gyara, wanda ko a masaƙa ba ma buɗe shi. Sauran kwali huɗun nan duk sun bi hannun mutanen Daurawa, sun ƙare a kwata. Na zauna a kan bencinta ina riƙe da ƙosan da ya fara hucewa. Na ce a raina shi ke nan, jibi 'yan gwangwan za su ɗora Gwaggo a sikeli, ni na jawo.

Don kada in tashi haka kawai na ce, "Babu wasu masu rubutun hannu a ciki? Dogayen takardu, da shuɗin biro."

Ta dakata da juya ƙosai. "Masu sunan Allah a sama?"

Na ɗago kai.

"Haba Malam. Ni ban yi boko ba, amma na yi allo, na san Bismillah in na gan ta. In naɗe ƙosai da ita, a ci a yar a ƙasa a taka? Duk wadda na ci karo da ita gefe nake sa ta. Na tara su zan kai wa liman ya ƙone, sai ya yi tafiya, ni kuma na yi ta mantawa. Riƙe min nan, kada ya ƙone."

Ta miƙo min matsami ta shige gida. Haka na tsaya a bakin titin Daurawa, da furfurata da babbar riga, ina juya ƙosai. Wata mata ta zo saye, ta kalle ni, ta fasa.

Tabawa ta fito da wata baƙar leda a ƙulle. Takardu arba'in da 'yan kai, ko ɗigon mai babu a jikinsu. Rubutun Habu ne, ƙanana a tsaye, kowace da Bismillah a samanta. Ta shida ita ce wadda na je Zariya nema, layi talatin da biyu cif. A gefen layi na goma sha tara ya rubuta da jan biro: a nan Lawan ke kuskure.

Na ciro kuɗi, ta ɓata rai. "Sunan Allah zan sayar maka? Biya na ƙosanka dai ka tafi." Na sa ledar a aljihun gaba, bakko kuwa na bar mata ta zuba gawayi. Da ƙafa na koma gida, na isa ana kiran magariba.

Juma'a, gida

Ba a kawo wuta ba, kamar kullum. Maƙwabcina Ɗanlami mai walda ya ja min waya daga janaretansa ƙarfe takwas na safe, ya ce awa ɗaya zai iya ba ni, yana da ƙofar da zai haɗa. Na kafa wa Gwaggo fanka biyu, na yaye zanen gadon, na jona tafiretar da take magana da ita, na sa takarda. Na jingina rubutun Habu a inda ya saba tsayawa, ta hannun dama.

Na fara ɗaga makunnai. A layi na goma sha tara na yi kuskure. Na yi dariya ni kaɗai a gareji har hawaye ya zo, na share, na koma farko. Karo na biyu na kai talatin da biyu, na danna makunnin ƙarshe.

Shiru. Sai ƙananan fitilun gabanta suka fara gudu. Faifan ya ɗauki gurnani daga ƙasa yana hawa, ƙarar da rabona da ita shekara ashirin. Tafireta ta yi tsalle ta buga:

INA KWANA. WAYE A KAN AIKI?

Na buga LAWAN. Ta ɗan yi jim, ta sake bugawa:

SAI NA BIYU.

Wallahi na manta da wannan. Habu ne ya sa mata, saboda dokar mutum biyu. Ba ta ci gaba sai an ba ta suna na biyu, kuma sunayen da ta sani bakwai ne kawai. Na zauna ina kallon takardar, fanka tana kaɗa gefenta. Ɗanlami ya leƙo ta taga.

"Baba Lawan, ta tashi?"

"Ta tashi."

"To me kake jira?"

"Mutum take tambaya," na ce. Bai gane ba, ya koma bakin aikinsa.

Na sa yatsa ɗaya na buga HABU. Ta karɓa, ba ta san komai ba. Ta buga layi na ƙarshe, wanda shi ma aikinsa ne:

TO, BISMILLAH.

Malamin jami'a ya zo bayan an sauko daga masallaci, ya ga fitilu suna gudu, ya kira mota. Da safiyar Asabar aka ɗauke Gwaggo, mutum takwas suka ɗaga ta, magina suna tsaye suna jira. Na ba shi kwafin takardun, na asalin suna wurina. Na roƙe shi abu ɗaya, in za su sa suna a jikinta su sa biyu.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Malam Isiyaku da ya sauke ni, da Hajiya Rabi da ta riƙe amana iya ƙarfinta, da Ɗanlami da ya ƙara min rabin awa bai ce komai ba. Tabawa kuwa, Allah Ya saka mata da abin da ya fi kuɗi. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Habu addu'a.

Takardar da tafireta ta buga na yage ta a hankali. Akwai sunan Allah a jikinta, ba a yar da ita. Na ninke ta na sa a kan kantar ɗakina, kusa da Alƙur'ani, sunana a sama nasa a ƙasa.